Igiya ta wuce, tazara ta zauna

A bara, cikin watan azumi, na yi wa abokina ƙazafin sata. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya zaci wani na Allah ne ya hau buzu zai yi masa wa'azi. Kuɗin ƙungiyarmu ne, jikka 12 na sefa, waɗanda muka tara don buga ɗan littafi irin wannan da ke hannunka, kuma ni ke riƙe da su. Daren da za a wayi gari a kai takardun Gaya wurin mai fotokofi, na laluba jakata ban gan su ba. Shi kaɗai ya kwana ɗakina a wannan makon. Ban tsaya wani tunani ba. A fada, bayan tarawi, ana zuba shayi na biyu, a gaban mutum bakwai na ce masa ya fito da abin da ya ɗauka. Bai ce uffan ba. Ya ajiye kofi, ya sa takalmansa, ya tafi. Bayan kwana huɗu na tsinci kuɗin cikin kayena na fizik, inda ni da hannuna na soke su don kada su ɓace.

Na je har gidansu na ba shi haƙuri a gaban innarsa, na koma fada na wanke shi a gaban mutum bakwai ɗin nan. Ya ce ya yafe, kuma har yau ban ga alamar ƙarya a maganar ba. Muna gaisawa, muna cin tuwo akushi ɗaya. Da zazzaɓi ya kayar da ni da damina, shi ya ɗauke ni bisa moto ya kai ni likita. Amma bai sake kwana ɗakina ba. In na ajiye jaka kusa da shi zan tashi, sai ya ce, "Ɗauki kayanka." Ba da faɗa ba, ba da ɗaure fuska ba. Wata rana haushi ya ci ni na ce, "Kai, ba ka ce ka yahe ba?" Ya dube ni ya ce, "Na yahe mana. Mi na yi maka?" Na rasa amsa, don gaskiya bai yi mini komai ba.

Tambayar da ta hana ni barci ke nan, kuma ita na kawo muku, ƴan uwa. In mutum ya ce ya yafe, wajibi ne komai ya koma yadda yake da? In bai koma ba, yafiyar ta baki ce kawai? Mu Hausawa da an yi sulhu sai mu ce abin da ya wuce ya wuce. To, ya wuce ya tafi ina?

Inda na samu bakin zaren zai ba wasu dariya. A darasin fizik ne. Mushenmu ya ƙare abin da ke cikin tsarin karatu, saura minti goma, sai ya shiga ba mu labarin baƙin rami na sararin samaniya da igiyar nauyi. Daga baya na bi maganar da karatu a wayar salula, gwargwadon abin da kuɗin intanet ya bari. Bari in faɗa muku ita dalla-dalla, don in ba a gane ta ba sauran zancena zai zama tatsuniya.

A 1915 Albert Einstein ya zo da sabon bayani a kan abin da ke sa jifa ya faɗo ƙasa komai nisansa. Ya ce sarari da lokaci ba fili ne kawai da abubuwa ke yawo a cikinsa ba. Su ma suna lanƙwasa, kamar gadon igiya in ƙato ya zauna a kai. Rana ta lanƙwasa sararin da ke kewaye da ita, duniya kuma tana bin wannan gangaren, shi ne muke kira nauyi ko ƙarfin ja. A 1916 ya ƙara da cewa in abubuwa masu nauyi suka yi motsi mai ƙarfi, lanƙwasar za ta bazu kamar igiyar ruwa, da saurin haske. Duk inda ta ratsa, nisan da ke tsakanin abubuwa zai riƙa miƙewa yana tsukewa, har ta wuce.

Sai da aka yi kusan shekara 100 kafin a kama wannan igiya da na'ura. Ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO guda biyu a Amurka, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, suka ji ta. Kowace na'ura hannu biyu gare ta, kowane hannu tsawon kilomita 4, da madubai a ƙarshensu, ana auna nisan madubi da madubi da hasken leza. Abin da suka ji karon baƙaƙen ramuka biyu ne, ɗaya ya kai nauyin rana 36, ɗaya 29. Suka haɗe suka zama rami ɗaya mai nauyin rana 62. Nauyin rana 3 da ya ɓace a lissafi shi ya zama igiya cikin ƙiftawar ido, ta yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.3 kafin ta iso mu. Da ta iso, motsin da ta yi wa maduban bai kai faɗin ƙwayar furoton ɗaya ba, ya gaza shi sau ɗaruruwa. An sanar da duniya ranar 11 ga Fabrairu 2016, a 2017 kuma Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Duk wannan labari ne mai daɗi, amma ga wurin da ya tsaya mini a rai. Ka ɗauki duwatsu biyu ka sake su can cikin sarari, ba abin da ke riƙe da su, ka auna nisan da ke tsakaninsu. Igiya ta zo, suka yi ta matsowa suna ja da baya, ta wuce, komai ya lafa. Hankali zai ce maka sun koma inda suke. Lissafin Einstein ya ce a'a. Nisan ya canza da ɗan kaɗan, kuma haka zai zauna. Masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Yakov Zel'dovich da Alexander Polnarev, su suka fara fito da wannan a 1974. A 1991 Demetrios Christodoulou ya nuna cewa ko ƙarfin da igiyar kanta ke ɗauke da shi yana barin irin wannan canji, don haka duk karon ramuka yana barinsa. Masana suna kiran abin tunawa, wai sarari yana tuna igiyar da ta ratsa shi. Ni dai zan ce masa sawun igiya.

Har yanzu ba a kama sawun nan da na'ura ba. Dalili ɗaya ƙanƙantarsa. Dalili na biyu shi ya fi ba ni mamaki: maduban LIGO a rataye suke, da igiya ta wuce sai marataya su maido su mazauninsu, sawun ya ɓuya. Ana sa rai ga wata na'ura mai suna LISA, wadda hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince da ginawa a Janairu 2024, ana shirin harba ta wajajen 2035. Kumbo uku ne, tsakanin kowane biyu kilomita miliyan 2.5, kuma ma'aunan da ke cikinsu a sake za su kasance, ba marataya. Ku riƙe maganar maratayan nan, zan dawo kanta.

Yanzu shi baƙin ramin. Wuri ne da nauyi ya taru ya matse har ko haske ba ya iya fita daga cikinsa. Yana da iyaka kewaye da shi, wadda in abu ya ƙetare ta ba dawowa. Ita zan riƙa kira bakin rami. Da za a matse rana ta zama baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa bakin kilomita 3 ne kacal. Duniyar nan tamu da duk abin da ke cikinta, faɗinta ba zai kai santimita 2 ba, kamar ƙaramin goro. Ramin nan mai nauyin rana 62, daga tsakiyarsa zuwa bakinsa bai fi nisan Gaya zuwa Dosso da yawa ba. Kuma ba zancen takarda ba ne kaɗai: ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna hoton inuwar wani da ke tsakiyar tarin taurarin M87, mai nauyin rana biliyan 6.5.

Tsakanin 1967 da 1975, Werner Israel da Brandon Carter da David Robinson da wasu suka tabbatar da wani abu a lissafi. Baƙin rami in ya natsu, abu uku kaɗai za ka iya sani game da shi daga waje: nauyinsa, juyawarsa, da cajin lantarkinsa. John Wheeler ya yi wa abin laƙabi da cewa ramin ba ya da gashi, wato ƙwalƙwal yake, ba wata alama da za ta bambanta shi da ɗan uwansa. Ka jefa masa buhun gero, ko ka jefa masa buhun wasiƙun da masoya suka rubuta wa juna, in nauyinsu ɗaya ne, ramin da zai saura iri ɗaya ne. A 1974 Stephen Hawking ya gano cewa ramin yana fitar da ɗan zafi, a hankali yana ƙafewa. A 1976 ya ce to, in ramin ya ƙafe ƙaf, labarin duk abin da ya haɗiye ya shafe daga duniya.

Nan rigima ta tashi, don ilimin ƙananan ƙwayoyi, wanda ake kira kwantum, ya ginu a kan cewa labari ba ya shafewa. Ko ka ƙona wasiƙa, toka da hayaƙi da zafin suna ɗauke da abin da ke cikinta, ko da ba mahalukin da zai iya tattara su ya karanta. An yi shekaru ana gardama. A 2004, a wani taro a Dublin, Hawking ya amsa cewa ya faɗi a cacar baki da suka yi da John Preskill, ya yarda labarin ba ya shafewa. Amma a ina yake ajiye? A Janairu 2016 shi da Malcolm Perry da Andrew Strominger suka kawo shawara: ramin yana da gashi, sai dai gashi ne mai laushi. Shi bakin rami, a lissafi, saƙa ce ta zaren haske da suka maƙale, ba su fita ba su faɗa ciki. Duk abin da ya ratsa ta wurin, igiya ko dutse, yana gusar da zaren nan daga yadda suke jere da juna. Ramin zai girgiza ya natsu, daga nesa ka gan shi sumul, amma jerin zaren ya canza. Wato sawun igiya ne a bakin rami. A 2020 Adel Rahman da Robert Wald suka yi lissafin wannan sawu filla-filla.

Kada in yi muku ƙarin gishiri. Masana ba su haɗu a kan cewa gashin nan ya warware rigimar ba. A 2017 Raphael Bousso da Massimo Porrati suka rubuta cewa ai wannan hular gashi ce, ana iya cire ta ba tare da an taɓa ainihin matsalar ba. Hawking ya rasu ranar 14 ga Maris 2018 yana kan aikin, takardarsa ta ƙarshe a kai ta fito bayan rasuwarsa. Ko gashin ya isa ya ɗauki dukan labarin abin da rami ya haɗiye, wannan gardama tana nan. Amma cewa igiya tana barin canji mai zama bayan ta wuce, wannan kai tsaye daga lissafin Einstein ya fito.

Da na kai nan a karatu sai na ajiye waya na fita waje, don na ga ashe a cikin irin wannan sawu aka haife ni. Mu mutanen Bana a kwarin Foga muke zaune. Kogin da ya haƙa kwarin nan ya daina gudu tun dubban shekaru, ba kakan kakan wani da ya gan shi. Amma saboda shi ne ruwan rijiyarmu ke kusa, saboda shi giginya da rake ke yi a yankin nan, saboda shi ƙasa ke fitar da gishirin da iyayenmu mata ke tacewa suna dafawa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa kwarin a 1853, ya tarar da masu gishiri zaune a kan tuddan da suka taru daga ƙasar da aka tace aka zubar. Kowace mata ta zubar da kwando ɗaya ta manta, ga tudu ya tashi har an yi ɗaki a kansa.

Ga kuma wanda muka gani da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta tsaya cik, mutane suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairu 2024, hanyar Kamba ta Najeriya ta buɗe a Maris, gadar kuwa ta ci gaba da zama a rufe. Ba siyasar abin nake magana ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da nake cewa, ko an wayi gari an buɗe komai, ɗan kasuwar da jarinsa ya karye ya karye, yaron da ya bar lakkol ya koma dakon kaya a bakin ruwa ya bari, wanda ya saba da sabuwar hanya ya saba. Buɗe gada alheri ne babba, kuma kowa na fatansa. Amma ba zai maido mu ranar 25 ga Yuli ba.

Na san abin da ƴan ajin filo za su ce, kuma da gaskiyarsu. An karantar da mu cewa David Hume ya yi gargaɗi tun ƙarni na 18: daga "haka abu yake" ba a ciro "haka ya kamata a yi". Duwatsu biyu a sarari ba su san laifi ba, ba su san tuba ba. Baƙin rami ba zuciya ba ne. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma ban ce fizik ya yanke hukunci tsakanina da abokina ba. Abin da ya yi mini ƙarami ne: ya raba mini abu biyu da na cakuɗa. Lafawar girgiza daban, komawa mazauni daban. Da can ina zaton duk inda aka samu na farko dole a samu na biyu, in ba a samu ba to akwai munafunci. Sai ga misali a halittar Allah inda girgiza ta lafa sarai, ba saura, amma tazara ta canza. Da na ga hakan mai yiwuwa ne ga duwatsu, sai na iya tambayar kaina ko shi ne ke tsakanina da mutumin nan.

Wani zai ce, to ai ka buɗe wa masu riƙo ƙofa. Kowa ya ƙulle ɗan uwansa a zuci, in an yi magana ya ce sawu ne. Wannan tsoro ne na gaskiya, don gaba tana son fakewa da kyakkyawan suna. Amma akwai yadda ake bambanta su, kuma nan ma lissafin ya taimake ni. Dalilin da ya sa aka ce gashin mai laushi ne, ba ya ɗauke da wani ƙarfi. Sararin da igiya ta ratsa da wanda ba ta ratsa ba, natsuwarsu ɗaya, jerin ne kawai ya bambanta. Riƙo kuwa wuta ne, kullum sai an ƙara masa itace. Mai riƙo yana tayar da zancen, yana kai shi gaba, yana jin daɗi in ka faɗi, yana jiran ranar ramuwa. Na auna abokina da wannan ma'auni. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ke tayar da ita. Ban taɓa jin ta a bakin wani daga wurinsa ba. Ranar da na kwanta ciwo shi ya fara zuwa. Abin da ya rage kawai, jikinsa ya koyi cewa zama kusa da jakata yana iya jawo masa wulaƙanci, kuma ni na koya masa.

A tarihin Musulunci akwai abin da ya isa misali. Wahshi shi ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Annabi (SAW), a yaƙin Uhudu. Daga baya ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, ba a rama ba. Amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Ba wanda ya isa ya ce yafiyar nan ba ta cika ba. Wahshi kuma bai tsaya yana cewa ai an ce an yafe, don me ba za a zauna da ni kamar kowa ba. Ya karɓi tazarar, ya tafi ya nemi aikin alherin da zai yi.

Nan na gane inda laifina na biyu yake, wanda ya kusa fin na farko. Da na ce masa "ba ka ce ka yahe ba", wani sabon bashi nake ɗora masa. Na zalunce shi, ya yafe, sannan ina so ya yi mini aikin share sawun, ya riƙa kwana ɗakina yana danne abin da yake ji, don ni in samu barci. Yafiya kyauta ce ya ba ni, ya sauke haƙƙinsa na ramuwa a duniya da lahira. Amana kuwa ba a bayar da ita da baki, ko shi mai ita ba ya da iko ya ce mata dawo ta dawo.

Ku tuna maratayan LIGO da ke maido madubi mazauninsa. Mu ma muna da namu: zumunci, kunya, idon jama'a, "ku tashi ku gaisa" na manya. Suna da amfani ƙwarai, in ba su gari ba ya zaunuwa. Amma suna ɓoye sawu. Ana maido mutane kan tabarma ɗaya, kowa ya ga sun zauna yadda suka saba, a ce shi ke nan. Wanda aka cuta ya san ba shi ke nan ba ne, sai dai ba ya da bakin faɗa, don in ya faɗa shi za a kira mai riƙo.

Wanda abin ya fi shafa shi ne wanda ba ya iya mayar da magana ko kaɗan. Ƙanen da ka mara don ka fi shi ƙarfi. Yarinyar aikin da aka zaga a gaban baƙi. Almajirin da aka kora da tsawa. Matar da aka gaya wa baƙar magana ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tuƙa tuwo. Muna ɗaukar su kamar baƙin rami na tsohon lissafi: ka jefa abin da ka ga dama, ba ƙara, ba amsa, gobe ka gan su sumul. Sai mu ce ai ba ta ji komai ba, ai yaro ne ya manta. Na kai wa kakata wannan zance ina ta kawo sunayen Turawa. Ta bari na ƙare, ta nuna mini wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke a rataye, ta ce, "Wagga tun aurena take. Ta hwashe, anka ɗunke ta. Tana ɗaukar gari, ba ta ɗaukar ruwa. Ban yar da ita ba, ban kuma kai ta rijiya." Sannan ta ce in tashi in ba ta wuri, magana zarar bunu ce, wannan ba sai an je lakkol ba.

Saura tambaya ɗaya, ita ce mai nauyi. In komai ba ya komawa, mene ne amfanin tuba? Ba gara mutum ya ce tunda ta ɓaci ta ɓaci ba? A'a. Igiyar nauyi in ta ratsa wuri, tana miƙa nisa ta wannan fuska tana tsuke shi ta waccan, sawunta ma haka yake. Daren nan da na buɗe tazara tsakanina da abokina, akwai wani a fadar da ya tashi ya bi shi har gida, yau ba ya da amini kamarsa. Kuma abin da bai shafewa ba sharri kaɗai ba ne. Zuwan da na yi gidansu ya bar nasa sawun, wanke shi da na yi a gaban mutane ya bar nasa. Ba su goge na farko ba, sun hau kansa ne, kamar kwandunan ƙasar masu gishiri. Tuba tana hana tazarar ƙaruwa, tana kuma ba da damar wata igiyar ta zo ta rage ta. Yaushe, da kuma ko za ta rage ɗin, ba a hannun mai laifi yake ba.

Don haka in an ce abin da ya wuce ya wuce, yanzu ina jin maganar da kunne biyu. In wanda aka cuta ne ya faɗe ta, karamci ne, yana cewa na kashe wutar. In wanda ya yi cutar ne ya faɗe ta, sau da yawa umarni ne yake bayarwa a rufe baki. Kalmomin ɗaya ne, mai faɗa ne ya bambanta. Ni a wannan magana ba ni da hurumin faɗarta.

Kafin in miƙa wannan rubutu na kai masa ya karanta, don sirrinsa ne kamar yadda yake nawa. Ya karanta a tsaye a ƙofar ɗakina, bai shiga ba. Ya yi dariya wurin ƙwaryar kaka, ya ce zancen ramukan ya yi yawa. Na ce in buga? Ya ce, "Buga, amma kak ka sa sunana." Ƙungiya ta so ta ba shi riƙon kuɗi bana, ya ƙi. Yanzu a gaban kowa ake ƙirga su, a rubuta a kaye, mutum biyu su sa hannu. Jakata kuma na daina ajiye ta kusa da shi, don kada in sa shi ya ce in ɗauka.

Allah ya ba mu ikon riƙe harshe kafin magana ta fita, ya sa waɗanda muka cuta su yafe mana.